Taibat Mai Ankon Masu Rai

Idan ka sauka daga keke a Farin Gada, ka ratsa masu kabeji da karas, ka kauce wa 'yan lodi kafin su sauke maka buhun dankali a ƙafa, za ka ga wani ɗan shago a matse tsakanin mai injin niƙa da mai sayar da taki. Atamfa ce a ciki tun daga ƙasa har rufi, da kujera ɗaya, da mace ɗaya da ta cika kujerar har ta zubo ta gefe. Ita ce Taibat Ayinla, wadda duk kasuwa ke kira Mama Seyi. Shekarunta hamsin da takwas in ka duba katinta, arba'in da tara in ka tambaye ta.

Ubanta tela ne. Ya taso daga Ogbomosho lokacin da haƙar kuza ke tashe, ya kafa keken ɗinkinsa a Naraguta yana ɗinka wa leburori gajeren wando. A nan aka haifi Taibat. Sau uku ta taɓa zuwa garin uban nata, duk ukun ta dawo tana mitar zafi. Hausa take ciniki da ita, Yarbanci kuwa ta ajiye shi don addu'a da zagi. Ta fara da tallan ɗankwali, ta kai ga shago mai ƙofa biyu a kasuwar Taminus, gobara ta cinye shi tare da na sauran jama'a. Ta fito da almakashi ɗaya a hannu. Da almakashin ta dawo Farin Gada ta sake farawa, mijinta ya rasu, ɗanta Seyi ya tafi Legas ya bar mata suna kawai. A nan ne ta gano inda abincinta yake, wato anko.

Mu 'yan Filato, musamman mu na coci, ba ma wasa da jana'iza. Mutum zai yi shekara biyu a kwance ba wanda ya leƙa shi da ko lemon ɗari, amma ranar da ya cika sai ka ga rumfa huɗu, kujeru ɗari uku, shinkafa kamar za a ciyar da bariki. Kowa kuma da anko. Dangi su zo su zaɓi atamfa, a ɗora wani abu a kan kuɗin kowane turmi, abin da aka ɗora ya koma wa iyalin su rage hidima. Sai a rataya ƙyallen a ƙofar shago, a maƙala hoton marigayin da fil. Duk wanda ya ga hoto a kan atamfa a garin nan ba ya bukatar a yi masa bayani.

Taibat Musulma ce. Takan ce ita in ta mutu da safe, kafin la'asar an gama da ita, ko kwalbar lemo ba mai sha, amma Allah ya azurta ta da maƙwabta masu mutuwa a kan tsari. Ta san kalar da ta dace da tsohon malamin makaranta, ta san wadda ta dace da matar fasto, ta san dangin da za su ce turmi ɗari biyu su ƙare a sittin.

Daura da shagonta akwai teburin Chundung mai kabeji, matar marigayi Robert. Shekara ashirin suna kallon juna, kuma ban taɓa jin sun gaisa irin ta mutanen kirki ba. Chundung na kiran Taibat ungulu, saboda sana'arta. Taibat na kiranta uwar tsutsa, saboda kabejinta. Amma in Taibat ta tafi salla Chundung ce ke tsaron shago, in Chundung ta tafi taron zumuntar mata na coci Taibat ce ke sayar da kabeji, tana kushe shi a gaban masu saye.

Bara waccan Chundung ta ji wani ƙullutu a mamanta na hagu. Ta yi abin da yawancinmu muke yi, ta yi shiru. Ta shafa man zaitun wata huɗu, ƙullutun ya sha mai ya ƙara ƙiba. Da ta je asibiti aka ce ciwon daji ne. Aka yi mata aiki, sannan likita ya ce sai ta yi kemo sau shida, wato ruwan maganin da ake ɗaura wa mutum a hannu duk bayan mako uku, kuma ba a tsallakewa. Abin da likita bai tsaya lissafa mata ba shi ne, kafin kowane ɗaya akwai gwajin jini, bayansa akwai maganin amai, tsakaninsu akwai kuɗin keke da kwanakin da ba za ta iya ɗaga ko kabeji ɗaya ba. Aiki ya cinye awakinta da adashenta. Kemo na farko ya cinye firij. Na biyu ya cinye wayarta da gashin kanta.

Ta aika wa yayanta da ake kira Da Mwadkon a ƙauyensu Kuru, shi ne babban gidansu. Ya aiko da amsa cewa cuta ta kama dankali bana, taki kuma ya yi tsada, amma yana sa ta a addu'a safe da yamma. Addu'ar ta iso lafiya. Na uku kuwa an sa mata ranar wata Talata, saura kwana goma sha biyu, kuma ba ta da abin da ya rage na sayarwa sai tebur.

Ran nan ta tsallako titi da rigar sanyin Robert a jikinta, ta shiga shagon Taibat ba ta ce ungulu ba. Ta daɗe tana duba atamfofi, ta ciro wata kore mai zanen ganye ruwan zinare, ta ce a ajiye mata wannan. Ta ce in lokaci ya yi kada a bar matan Kuru su zaɓa, ba su da ido, za su sa jama'a shiga kalar buhun taki.

Taibat ta dube ta. Shekara ashirin tana sayar da anko, ba ta taɓa ganin mamaciya ta zo da ƙafarta ba. Ta tambaye ta ranar Talatar fa. Chundung ta ce ba Talata, ta gama, gara ɗan abin da ya rage ya tsaya wa yaranta. Taibat ba ta yi mata wa'azi ba, don ba ta iya ba. Tambayarta ta yi mutum nawa take ganin za su sa ankon. Chundung ta ɗan gyara zama, don wannan magana ce ta mutunci. Ta ce zumuntar mata kaɗai sun kai tamanin, ga 'yan kasuwa, ga dangin Robert, ga Kuru gaba ɗaya. Ta ce in ba a yi ɗari biyu ba to an ci amanarta.

"To me muke jira?" in ji Taibat. "Mutum ɗari biyu na da kuɗinki a aljihu, suna jiran ki mutu su kawo. Mu karɓa yanzu, ki ga kayanki da idonki."

Chundung ta ce Allah ya kiyaye, ita ba ta bara. Taibat ta ce wa ya yi zancen bara, atamfa za su saya, atamfa za a ba su, kamar kullum, abin da aka saba ɗorawa don shinkafa shi za a kai asibiti. Ta ƙara da cewa ita ma ta yafe ribarta. Da ta faɗi wannan sai da ta dafa ƙirji, don tunda take ba ta taɓa furta irinsa ba. Suka yi ta ja har mai niƙa ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Daga ƙarshe Chundung ta yarda, da sharaɗi ɗaya: hotonta na bikin Ista za a sa, wanda ta yi kitso, ba na katin zaɓe ba.

Washegari kore mai ganye ta hau ƙofar shago, hoton Ista a maƙale. Taibat ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Ita ba ta yarda da rubutu ba, tana ganin bakinta ya isa, kuma a cikin Farin Gada ya isa ɗin. Duk wanda ya tsaya ya kama baki sai ta nuna masa tsallaken titi ta ce ga mamaciyar can tana cutar mutane a kabeji, saya tun tana iya yi maka godiya. Wasu suka yi dariya suka saya. 'Yan lodi suka haɗa suka saya wa matansu. Wani Alhaji dillalin tumatir ya ɗauki turmi biyar, ya ce bai san me zai yi da su ba amma a ba shi. Wasu kuwa suka ja da baya suka ce wannan kiran mutuwa ne, su ba ruwansu. Har cikin zumuntar mata aka rabu biyu. Mako ya zagayo, abin da aka samu bai kai rabin na Talata ba. Taibat ta rage surutu, wanda a wurinta alamar ciwo ce.

Abin da ba ta sani ba, wata mai sayen karas ta ɗauki hoton ƙofar shagon da waya ta tura wa 'yar'uwarta a Kuru. Waya na ɗaukar atamfa da hoto, amma ba ta ɗaukar bakin Taibat. Kafin rana ta faɗi duk Kuru an san Chundung ta tafi. Aka kira lambarta aka ji a kashe, aka ce ai shi ke nan. Da Mwadkon kuwa abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, ƙanwarsa ta rasu har 'yan birni sun fitar da anko ba a sanar da shi ba, shi da yake babba. Aka ce ya kira wani a Jos ya ji. Ya ce ba zai kira kowa ba, zai je da kansa ya nuna musu Chundung na da gida.

Gidana na kallon na Chundung, don haka abin da ya faru ranar Asabar da hantsi ba labari aka ba ni ba. Bas mai cin mutum goma sha takwas ta tsaya a bakin layi, mutum ashirin da huɗu suka fito, ban da akuya a sama. Bayanta a-kori-kura ɗauke da kujerun roba, buhun acha biyu, buhun dankali uku. Matan suka gyara ɗankwali, suka jira kowa ya sauko, sannan suka fara kuka tun daga bakin layi yadda ya kamata, ana yi ana ƙara murya in an kusa ƙofa.

Chundung tana bayan gida tana shan rana, don tun da ta fara kemo sanyi ba ya barinta. Ta ji kuka a layinsu, ta ce wayyo, wa kuma aka rasa. Ta ajiye kofin kununta, ta ja hular sanyi ta rufe kai, ta fito ta yi wa maƙwabta ta'aziyya.

Na ga kuka iri-iri a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda aka kashe kamar rediyo ba sai ranar. Ta gaba ta zauna a ƙasa. Biyu suka koma bas suka rufe ƙofa. Wata ta fara waƙar coci daga tsakiya. Mutum ɗaya ce ta ci gaba da kukanta, Ngo Zipora, ƙanwar uban su Chundung (Ngo lakabin girma ne na mata a yarensu), tsohuwa mai kusan shekara casa'in da idonta ya yi hazo. An zaunar da ita a dakali, tana ta rera nata ba ta san an tashi ba. Chundung ta durƙusa a gabanta.

"Ngo, wa ya rasu?"

"Chundung ce, 'yata. Chundung ta Robert."

"Ngo, ni ce."

Tsohuwar ta miƙa hannu ta shafa fuskar, ta tura yatsa ƙarƙashin hula ta ji ba gashi, ta kama kunne ta murɗa har Chundung ta yi ƙara. Sai ta ce a ba ta ruwa, maƙogwaronta ya bushe a banza.

Da Mwadkon na tsaye da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, bakinsa a buɗe. Da ya rufe shi ya sake buɗewa, faɗa ne ya fito. Wa ya yi wannan aiki. Wa ya kashe masa ƙanwa a waya. Ya sayar da dankali, ya ba kafinta kuɗin somin akwatin gawa, ya gaya wa fasto, samari sun fara haƙa kabari tun jiya. Da wane ido zai koma Kuru. Aka ce Mama Seyi ce, ya ce a kira ta.

Taibat ta iso a keke da ƙunshin kore mai ganye a cinya, don ko gobara aka kira ta ba ta zuwa hannu wofi. Ta durƙusa har ƙasa irin tasu ta Yarbawa, ta ce Baba sannu da hanya. Ya ce ta riƙe sannunta. Ya ce a garinsu ba a rataya hoton mai rai a kan atamfa, wannan jawo wa mutum mutuwa ne, kuma in wani abu ya sami ƙanwarsa ita zai kama. Taibat ta ce ta ji, ta yi kuskure da ba ta aika masa ba tun farko, a yafe mata. Ta faɗi abin da ya sa ta yi, ta faɗi Talata, ta faɗi abin da ya rage. Ya ce wannan ba hujja ba ce ta mayar da dattawa abin dariya.

Chundung ba ta sa baki ba sai a nan. Tana kallon buhunan da aka sauke a ƙofarta, ta yi magana a hankali.

"Yaya, dankalin da cuta ta kama ne ya warke?"

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya dubi buhunan, ya dubi matan da suka fara leƙowa daga bas, kunya ta hau shi, kuma kunyar dattijo faɗa take komawa. Ya taɓa aljihun kwat inda ambulan gudummawar mutanen Kuru yake, ya tura shi ciki sosai. Ya ce tunda ba a yi mutuwa ba, kuɗin jama'a ne, zai mayar wa kowa nasa. Ya ce a kwashe kaya, a mayar da akuya sama, su kama hanya.

Samarin da suka zo da a-kori-kura suka fara ɗaga buhun acha. Na dubi Taibat ina jiran bakin nan da ya gagari Farin Gada, sai na ga ba komai a cikinsa. Tana durƙushe, ƙunshin atamfa a gabanta. Chundung ta juya za ta shige gida, tana dafa bango.

Ngo Zipora ta gama shan ruwanta, ta ajiye kofi, ta tambaya me take ji ana ja a ƙasa. Aka ce kaya ake mayarwa mota. Ta ce a ajiye. Ta ce abin da aka kawo gidan makoki, aka yi kuka a kansa, ba ya komawa inda ya fito. Duk wanda ya ɗauka ya kai gidansa, to ya kai abin da aka yi wa kukan.

Shekarata saba'in da huɗu a ƙasar nan, na je makoki ya fi gashin kaina, ban taɓa jin wannan al'ada ba. Da Mwadkon ya ce shi ma bai taɓa ji ba.

"Kai yaro ne," in ji ta. Mutumin na da jikoki tara. "Ɗauka ka gwada. Ni dai ba zan shiga mota ɗaya da akuyar nan ba."

Samarin suka saki buhun kamar ya yi zafi. Direban bas, wanda bai san kowa a gidan ba, ya ce shi ma oga a yi haƙuri, motarsa ba ta ɗaukar akuyar, yana da yara ƙanana. Wata daga cikin matan ta ce ita dubu biyun da ta bayar ta yafe, kada a dawo mata da shi ko a ƙofar gida. Sauran suka ce su ma. Da Mwadkon ya tsaya shi kaɗai da ambulan a aljihu, kuma kowa na kallon aljihun kamar maciji ne a ciki. Ya ciro shi da yatsa biyu ya ɗora a kan buhun acha.

Kada in zalunce shi, ba mugu ba ne. Ya samu kujera ɗaya cikin waɗanda ya kawo ya zauna, ya cire hula, sai ga hawaye, na gaske wannan karon. Ya ce wa Chundung lokacin da ta aiko ya zagaya gida shida, kowa ya ce babu. Jiya kuwa kafin azahar ambulan ya cika, ba wanda ya roƙa. Ya ce jana'iza kowa ya san iyakarta, rana ɗaya ce, amma asibiti rami ne da ba a ganin ƙasansa, shi ya sa mutane ke tsoron fara zubawa, shi ma ya ji tsoron. Chundung ta ce rami ne mai hawa shida, ta sauka biyu, saura huɗu. Ta zauna kusa da shi.

Tunda an riga an zo, kuma ga kujeru, sai aka ɗora tukunya. Aka aika Kuru a gaya wa samari su mayar da ƙasa cikin kabarin. Matan da suka gudu bas suka fito ɗaya bayan ɗaya suna taɓa Chundung a kafaɗa, wai gaisuwa suke. Taibat ta farfaɗo, ta kwance ƙunshi. Ta ce tunda sun sha hanya don anko, ai ba sa koma haka ba. Suka juya atamfar, suka ja ta, suka ce kalar ta yi duhu, suka saya. Ngo Zipora ta shafa tata ta ce wa ya zaɓa, aka ce mamaciyar da kanta, ta ce shi ya sa.

Ranar Litinin aka sayar da akuya da dankali a Farin Gada, acha aka bar wa Chundung don kunu. Kafinta ya ƙi mayar da kuɗin somi, ya ce katako ya riga ya yanku, sai aka ce ya mayar da shi benci. Taibat ba ta ba kowa ambulan ya riƙe ba, har Chundung. Ranar Talata ta rufe shago, abin da ba ta yi sai ranar Salla, ta je ta biya a tagar asibiti da hannunta. Mata kusan arba'in suka biyo su ita da Chundung cikin kore mai ganye, don labarin Asabar ya zaga coci, waɗanda suka ce kiran mutuwa ne yanzu su ne a gaba. Mai gadi ya ga anko ya nuna musu hanyar ɗakin ajiye gawa. Chundung ta ce masa ya yi haƙuri, ba yau ba.

Tun daga ranar turmi ya riƙa fita har na huɗu da na biyar suka samu. Kafin a kai na biyar wani mai gyaran mota ya zo shagon yana murza hula, ya ce matarsa Okwuchi na da irin ciwon, ko za a yi mata irin na Ngo Chundung. Taibat ta ce za a yi, amma sai ya kawo lambar wayar babban gidansu tukuna, ita ba za ta sake durƙusa wa kowa a kan tsakuwa ba. Ta sa aka rubuta mata kwali da manyan baƙaƙe cewa mai hoton na da rai. Okwuchi ta zo a makare, ba ta kai Kirsimeti ba, ankon nata sau biyu aka sa shi. Taibat ta yi kwana uku ba ta zagi kowa ba. Duk da haka ba ta sauke kwalin ba. Akwai masu bikin aure da suka daina zuwa shagonta, wai ya zama asibiti. Ta ce su je, dama su ne masu neman ragi.

Na shida ya zo da wuya. Jinin Chundung ya yi ƙasa, aka ɗaga mata mako guda, aka ce ta ci abinci, ita kuwa ko ƙamshin mai ba ta so. Taibat ta riƙa tsallako titi da kwanon gwate, ta tsaya a kanta tana faɗa mata cewa mutum ɗari biyu da goma sha ɗaya sun sayi atamfa saboda ita, in ta kuskura ta ba su kunya ba za ta yafe mata ba duniya da lahira. Chundung ta ci, tana ci tana zaginta. Jini ya hau, aka ɗaura na shida.

Bayan wata guda suka koma asibiti jin sakamakon hoton da aka yi wa Chundung don duba ciwon. Taibat ta zauna a bencin waje, jaka a cinya, tana jan carbi da sauri kamar ana binta. Chundung ta daɗe a ciki. Da ta fito fuskarta ba ta nuna komai ba, ta zo ta zauna, ta cire hula ta sosa ɗan gashin da ya fara tsirowa fari fat. Ta ce likita ya ce a yanzu bai ga komai ba. Ya ce a yanzu, bai ce har abada ba, kuma ta dawo duk bayan wata uku. Taibat ta ce to, ta ci gaba da jan carbin, don hannunta ya ƙi tsayawa.

Suka fito bakin titi. Akwai mai masa a gindin wata bishiya, ƙamshin na tashi. Chundung ta tsaya cak. Ta ce yunwa take ji. Wata takwas rabon da ta faɗi haka. Taibat ta saya mata guda biyar, ta cinye a tsaye, ta ce a ƙaro. Aka ƙaro biyar. Da ta miƙa hannu karo na uku, Taibat ta buɗe jaka tana mita, ta ce wa mai masar ta zuba na duk abin da ke cikin kaskon, kuma ta sa yaji da yawa.